Motar Da Ta Cinye Mini Gayya

Zuwa ga Alhaji Mudi Mai Motoci,
Bakin Titi, Gusau.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, da iyali, da kasuwa. Ni ne Malam Isa na Tudun Wada, wanda ka sani, wanda ya yi shekara talatin da biyar yana aikin gwamnati bai taɓa rubuta wa kowa takardar ƙorafi ba sai yau. Na zaɓi in rubuta maka a bainar jama'a ne saboda na zo wurinka har sau uku. Zuwan farko aka ce ka tafi ɗaurin aure. Zuwa na biyu aka ce ka tafi jana'iza, alhali ina hangen takalmanka a ƙofar ofis. A na uku na ritsa ka, na fara ba ka labari, tun ban kai rabi ba ka kama dariya har hularka ta faɗi ƙasa. To, tunda abin na dariya ne, bari jama'a su ma su sami rabonsu, in sun gama su yi mana alƙalanci.

Za ka tuna, kafin faɗuwar daminar da ta wuce na zo wurinka neman mota. Ka kai ni gaban wata fara ƙal, irin na zamanin nan masu tudu, waɗanda ba su kai jif na gaske ba, ba su kuma tsaya a ƙaramar mota ba. Kujerunta farar fata ne, rufinta gilashi, har da wani maɓalli da ke ɗumama wa mutum mazauni, a garin Gusau, inda tabarma ma sai an yayyafa mata ruwa a bazara. Ban tambaye ka shan mai ba, ban tambaye ka gudu ba. Tambaya ɗaya tak na yi maka: shin za ta shiga ƙauye? Ka daki bonet da tafin hannu ka ce, "Malam, wagga mota ko dutsin Kwatarkwashi ka nuna mata hawa za ta yi. Babu inda ba ta shiga." Akwai shaidu a wurin, kuma ɗaya daga cikinsu limami ne.

Daga nan ka ɗauke ni gwaji zuwa Bungudu. Tsakani da Allah, motar ta yi abin kirki a ranar. Ba ƙara, ba girgiza, sanyi na ratsa ni har na fara gyangyaɗi. Sai daga baya na lura cewa tun daga ƙofar wurinka har muka je muka dawo, tayarta ba ta taɓa sauka daga kwalta ba. Da na nuna maka wata hanyar burji na ce mu ɗan leƙa, sai ka duba agogo ka ce lokacin salla ya gabato.

Kafin in jero maka laifukan motar, ya kamata ka san abin da na yi asara, don kada ka ɗauka bamba da fenti ne suka hana ni barci.

Muna da gona a ƙauyenmu, can bayan Bilbis, wadda marigayi mahaifinmu ya bari. Ba a raba ta ba, tana hannun mahaifiyarmu Inna, wadda Allah ya ja wa kwana har yau. Duk shekarun da na yi ina aiki a birni, wana Yaya Haruna ne ke noma ta. Ni kuwa ko ina zaune a bayan tebur, zuciyata na can. A wannan gonar na koyi riƙon fartanya, a gindin kanyar da ke tsakiyarta Baba ke zaunar da mu cin ɗumame. Ranar da na yi ritaya na je na durƙusa gaban Inna na ce a ba ni ita in noma. Yaya Haruna ya kalli hannuna ya yi tsaki, ya ce wannan hannun ko kaza ba zai iya fige wa ba. Inna ta raba gardamar da cewa an ba ni damina ɗaya. In dawa ta fito, gona ta zauna a hannuna. In ciyawa ta fito, ta koma wurin Yaya, kuma kada in sake tayar da maganar.

Na yi huɗa, na yi shuka, dawa ta fito gwanin sha'awa. Da lokacin noman farko ya yi, sai na kira gayya. Kai mutumin birni ne, Alhaji, bari in tuna maka yadda take. Mutum yakan sa rana, ya gaya wa Sarkin Noma, maza su fito da fartanyunsu su yi masa aikin wuni guda, makaɗi na binsu da ganga. Ba a biyansu ko sisi. Abin da ke kan mai gona shi ne abinci, ya iso da zafinsa kafin azahar, a ci a ƙoshi. Kuma mutum ba ya kiran gayya sau biyu a damina ɗaya, domin kowa na da tasa gonar, wasu kuma na jiran tasu ranar.

A nan zan faɗi wani abu don kada a ce na ɓoye. Inna ta ce mini, "Abincin gayya nan gida a ka dahwa shi, tun zamanin kakanka." Matar Yaya da maƙwabta sun riga sun tanadi itace, su dafa su ɗauka a kai, kamar kullum. Ni na ƙi. Na ce uwargidana Hajiya ce za ta dafa a Gusau, tuwon shinkafa da miyar taushe da naman rago, da fura da nono, ni kuma in kai da kaina. So nake farar motar nan ta tsaya a bakin gona, ganga ta yi shiru, in taɓa maɓalli but ya ɗaga da kansa, Yaya Haruna na kallo. Wannan buri ne na ɗan Adam, kuma kai ka ba ni ƙarfin gwiwarsa.

Ranar gayya, wata Asabar ce, na bar Tudun Wada da sassafe, manyan kuloli shida a but, da jarkokin fura. Da na zo wucewa ta Kwatarkwashi har na ɗaga wa dutsen hannu, ina cewa a raina kai ma ranarka na zuwa. Na wuce Tsafe lafiya, na isa Bilbis lafiya. A can wani dattijon ɗan kabu-kabu da ya san ni ya tsayar da ni, ya leƙa ƙarƙashin motar, ya ce, "Alhaji, aje ta nan mu ɗaukam maka kayan ga mashin ukku. Mashaya ta sha ruwa daren jiya." Mashaya wani kwari ne da hanya ke ratsawa kafin a kai gonarmu, inda shanu ke shan ruwa. Na gode masa, na ce masa wannan ba irin motocin da ya saba gani ba ce, na ɗaga gilashi. Ga abin da ya biyo baya.

Na ɗaya, maganar tsayi. Motar nan doguwa ce, amma duk tsawonta a sama yake. Cikinta kuwa a ƙasa yake ja. Hanyar ƙauyenmu amalanke ce ta yi ta, wato rami biyu a gefe da tudu a tsakiya. Tun ban yi nisa da Bilbis ba na fara jin ƙasa na kartar cikin motar, ƙurrr, ƙurrr, har cikin haƙorana. Can sai na ga wata baƙar roba mai faɗi a madubi, kwance a tsakiyar hanya. Na tsaya na ɗauko ta na jefa kujerar baya. Ban san aikinta ba, amma na san tawa ce. Ashe kallon kitse na yi wa rogo, kuma kai ka riƙe mini rogon ina kallo.

Na biyu, maganar surutu. Ba ka gaya mini motar matsoraciya ba ce. Duk inda gamba ta leƙo hanya sai ta kama ƙyal-ƙyal-ƙyal, fitilu ja na walƙiya a gabana. Sau biyu ta taka birki da kanta saboda karan ciyawa, har fura ta yi tsalle a baya. Da wata akuya ta gitta kuwa, ihun da ta yi sai da akuyar ta tsaya ta waiwayo. Ban da wannan, akwai wata baiwar Allah a cikin rediyon da ke magana da Turanci, wadda tun da muka bar burji take maimaita mini cewa in juya in koma. Na daka mata tsawa, na kashe ta. Yanzu da na zauna na yi tunani, a duk cinikin nan ita kaɗai ce ta gaya mini gaskiya, kuma ina neman gafararta.

Na uku, abin murɗawar nan da ke kusa da giya, wanda ka yi ta nuna mini kana cewa shi ne sirrin motar. Da na iso Mashaya na tarar da laka baƙa, faɗinta kamar taku talatin. Na tsaya na duba abin murɗawar. Akwai hoton kwalta, akwai hoton rairayi, akwai hoton dutse, akwai hoton ƙanƙarar da ke zuba a ƙasar Turawa. Babu hoton laka. Alhaji, waɗanda suka ƙera motar nan sun tanadar wa mutumin Zamfara ƙanƙara, sun manta da taɓo. Na yi lissafi irin na ma'aikaci, na ce ƙanƙara dai ruwa ce in ta narke, don haka ita ta fi kusa. Na murɗa, na yi bismilla, na taka.

Mun yi taku goma cikin mutunci. Daga nan sai gaba ya tsaya, tayoyi na ta juyawa suna watsa laka har kan rufin gilashi. Tayoyin nan sumul suke, ba su da haƙori, kuma sirara ne kamar awarwaro a jikin ƙarfe. Ka ce mini duka ƙafafu huɗu ke ja. Na buɗe ƙofa na leƙa, na ga na gaba biyu na wahala, na baya biyu na zaune abinsu. Na ƙara wuta, sai ta ƙara nutsewa. Na sa ribas, sai bayan ya zauna daɓas, ruwa ya kai fitilu. Motar ta yi wani ɗan tari, duk hotunan da ke gabana suka kunnu a lokaci ɗaya, sannan suka mutu gaba ɗaya.

Hantsi ne lokacin. Daga inda nake ina jiyo gangar noma a gonata, iska na kawo ta tana mayarwa. Waya babu sabis. Na fito na tsunduma cikin laka har gwiwa, da farar shaddata, takalmi ɗaya ya zauna a can har yau. Na zauna a bakin kwari ina kallon rana na hawa. Sai wajen azahar wani mai keke ya biyo, ya yi mini sannu sau bakwai, na roƙe shi ya kai labari gona.

A gona kuwa, mutum talatin da wani abu sun nome kashi ɗaya cikin uku, sun yi salla, sun zauna gindin kanya suna kallon hanya. Da labari ya iso, Sarkin Noma ya ce tunda tuwo ya ƙi zuwa, su za su je wurin tuwo. Sai ga su tafe a jere, fartanyu a kafaɗa, makaɗi a gaba, Yaya Haruna a can baya yana tafiya a hankali, irin ta mutumin da ba ya so abin kallo ya ƙare da wuri. Sannu ma da ya yi, motar ya yi wa.

Na huɗu, kuma wannan shi ne babban laifi, maganar but. Ka tuna yadda ka yi ta wasa da shi, kana kaɗa ƙafa a ƙarƙashi yana buɗewa? To, da wuta ta ɗauke, but ya ƙi buɗuwa. Babu mariƙi, babu ramin makulli, babu inda za a sa hannu. Na danna maɓalli, shiru. Na kaɗa ƙafa cikin laka, shiru. Da mutane suka ga ina kaɗa ƙafa suka tambayi dalili, na yi musu bayani, sai kowa ya ce bari ya gwada ko tasa ce za ta dace. Alhaji, ka taɓa ganin magidanta talatin, wasu da furfura, sun yi layi cikin taɓo kowa na kaɗa wa mota ƙafa? Ga ƙamshin miyar taushe na fitowa ta tagogi, ga yunwa, ga kuloli ana hangensu ta gilashi.

Wani ya kawo shawarar a fasa gilashin da fartanya. Na rantse ba za a yi ba. A ƙarshe aka sami Baba Audu, wani dattijo siriri mai gyaran rijiyoyi, wanda ya saba shiga matsatsi. Ya haura kujerar baya da ƙafafunsa na laka, ya zura rabin jikinsa ta saman kujera zuwa but. Kulolin ba za su fito ta wurin ba, don haka sai ya riƙa buɗewa yana miƙo tuwo malmala-malmala, wani na karɓa yana miƙawa waje. Miya kuwa da ludayi aka riƙa ɗebo ta, tana ratsowa ta kan farar fatar nan taka. Kowane ludayi sai ya bar zakka a hanya. Fura ma haka. Har yau in rana ta yi zafi motar warin daddawa take yi, duk turaren da Hajiya ta ƙona bai yi magani ba.

Aka ci a bakin Mashaya, aka yaba hannun Hajiya. Ni ban iya sa ko loma ba. Na ce wa Sarkin Noma tunda an ƙoshi a koma gona, mota ta jira. Ya ce ba a barin baƙo cikin rami, kuma a wannan zamani ba a barin irin wannan dukiya ta kwana a daji. Gaskiya ya faɗa.

Na biyar, motar nan ba a yi ta don a taimake ta ba. Aka haƙe lakar da ke gaban tayoyi da fartanyun da suka zo yi mini noma. Aka sassaro rassa aka shimfiɗa. Da aka zo turi, duk inda mutum ya dafa sai jikin ya lotsa. Yanzu haka akwai shatin hannaye a bayanta, har ina iya nuna maka na maƙerin garinmu, don ya fi na kowa zurfi. Makaɗi kuwa, da yake sana'arsa ita ce ya yi wa mai aiki kiɗa ko wane irin aiki ne, sai ya gyara ganga ya shiga yi wa motar kirari, yana kiranta farar saniya mai kwana a taɓo, mai cin tuwon talatin ba ta noma kunya ɗaya. Mutane na amsawa suna turi. Na ji an ce har yanzu mata na daka da wannan waƙa.

Da turi ya gagara, Yaya Haruna ya aika aka kawo shanunsa na huɗa guda biyu. Aka duba gaba, aka duba ƙasa, babu ƙugiya, babu wani ƙarfen kirki da za a ɗaura igiya. Aka zagaya ta a bamba. Yaya ya yi wa shanu magana, suka ja. Sai muka ji ɓaras, bamba ya fita ɗungurungum, da lambar motar a jikinsa. Shanun da suka ji kaya ya yi sauƙi suka ɗauka an gama aiki, suka miƙe hanyar gida suna jan shi. Babu wanda ya bi su, don kowa ya faɗi ƙasa yana riƙe da ciki. Bayan kwana biyu makaniken da ya ɗauko ta zuwa Gusau ya nuna mini cewa ashe akwai ƙugiyar, irin wadda ake ɗaurawa kamar noti, kuma masu hikimar sun ɓoye ta ne a ƙarƙashin daɓen but, wato a ƙasan kulolin tuwo, a bayan ƙofar da ta ƙi buɗuwa.

Yadda aka fitar da ita shi ne, aka zura itatuwa ta ƙarƙashi, mutum talatin suka yi kabbara suka ɗauke ta cak, suka mayar da ita gefen da ta fito. Ko ƙetarawa ba ta yi ba. Har ranar da nake rubuta wannan takarda, motar nan ba ta taɓa ganin gonata da fitilarta ba.

Lokacin la'asar ta yi sakaliya. Na dubi Sarkin Noma, ya gane abin da ke bakina tun ban furta ba. Ya ce, "Malam Isa, mun ci tuwo, mun yi gumi. Gayya ta ƙare." Kowa ya saɓa fartanyarsa ya kama hanya, don yanzu ba mai son faɗuwar rana ta same shi a bayan gari. Na tsaya da takalmi ɗaya ina kallonsu. Wallahi, Alhaji, sai da idona ya kawo ruwa, na juya na yi kamar ina duba taya.

Na nemi 'yan ƙwadago daga baya, ban samu ba, kowa na kan tasa gonar. Ruwa kuma ya tsuge kwana da kwanaki. Na je da mashin na kama fartanya da kaina, kwana biyu hannuna ya yi bororo, bayana ya riƙe, aka dawo da ni Gusau ina nishi. Kafin a ce me, ciyawa ta haɗiye dawa. Da kaka, gefen da aka nome ya ba da abin da ya samu. Sauran kashi biyun kuwa, makiyaya ne suka zo suka yi mini godiya.

Ba zan ci amanar gaskiya ba. A kan kwalta motarka ba ta da aibu. Ta kai ni asibiti, ta kai Hajiya biki, a ƙofar masallacin Juma'a har matsa mini ake yi. Burji mai kyau ma in an bi ta a hankali tana lallaɓawa. Amma daji wani abu ne daban. Daji na son mota mai ɗagaggen ciki, da taya mai haƙori, da ƙarfen da za a ɗaura igiya, da ƙofar da hannu ke buɗewa. Tsohuwar a-kori-kurar da ke bin hanyarmu ran kasuwa, wadda da waya ake ɗaure ƙofarta, tana ƙetare Mashaya da buhuna da awaki a kanta. Da ka ce mini wannan ta gari ce, da na ajiye ta a Bilbis na hau mashin da girmana.

Saboda haka ga buƙatuna. Ban ce ka karɓi motarka ba, Hajiya ta riga ta saba da ita.

Ina roƙonka ka daina dukan bonet, kuma ka bar dutsen Kwatarkwashi ya huta, bai yi maka komai ba. Duk wanda ya zo ya ce maka yana da ƙauye, ka kai shi gwaji ƙauyen, da damina, kai kana tuƙi. In kana da hanyar isar da saƙo ga masu ƙera motar, ka gaya musu su cire abin ɗumama mazauni su sa wa but mariƙi. Bamban kuma yana gidan Yaya Haruna, matarsa na zuba wa agwagi ruwa a ciki. Ni ba ni da fuskar da zan tambaye shi, sai dai ka aika a karɓo, ko lambar ce a cire mini.

Buƙata ta ƙarshe ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Bayan an kai amfani gida, Inna ta kira mu ni da Yaya. Na je da jawabina a shirye, irin wannan da ka karanta, ɗaya bayan ɗaya. Na ce mata ba gazawata ba ce, mai motar ne ya ce babu inda ba ta shiga. Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce, "Shi mai motar, nan anka haihe shi? Ya taɓa bin hanyar ga?" Na ce a'a. Ta ce, "To kai da anka yanke ma cibiya garin ga, kai da ka yi kiwon awaki Mashaya, ka tai birni kana tambayar baƙo ko hanyar gidan ubanka na biyuwa?" Ta juya ta ce wa Yaya ya shirya taki, gona tasa ce. Yaya bai yi dariya ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya dai ce in na ga dama in riƙa zuwa ina zama gindin kanya, ba mai hana ni.

Ban ba Inna amsa ba, Alhaji. Na yi wata biyu ina nema ban samu ba. Kai da baki bai taɓa ƙare maka ba a gaban mai saye, ka taimaka ka zo mu je tare ka ba ta. Za mu ajiye motar a Bilbis.

Ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya da buɗi, ya albarkaci kasuwarka, ya haɗa ka da masu saye waɗanda gidajensu da gonakinsu da kaburburan iyayensu duk a bakin kwalta suke. Allah ya raba ka da laka, ya raba ka da tambayar tsohuwa. Ni kuma Allah ya ba ni haƙurin zama baƙo a gonar mahaifina.

Wassalam.

Naka cikin girmamawa,
Malam Isa,
Tudun Wada, Gusau.